Kishiyar Kakata Tana Neman Takarda

Kwana uku bayan ƙaramar sallar 2025 Baffana ya kira ni daga gida. Ko gaisuwa ba mu gama ba sai ya ce, "Ɗan nan, na yanke shawara. Binne ta zan yi." Gabana ya faɗi, na zaci wata ce ta rasu a dangi ba a sanar da ni ba. Ashe bindigar Kaka, wato kakana namiji, yake nufi. Ya ce ya tanadi buhu biyu da leda da man kaɗe, ya ma zaɓi wuri a bayan rumbu, dare kawai yake jira ya raba.

Ban tambaye shi dalili ba, don duk mai rediyo a wannan makon ya san dalilin. Ana saura kwanaki kaɗan salla, wasu mafarauta 'yan jihar Kano da suka taso daga jihar Ribas a bayan babbar mota za su gida, aka tare su a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin gargajiya a cikin kayansu, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Baffa bai taɓa taka ƙasar Edo ba, iyakar tafiyarsa Jos. Amma ya ji irin bindigar da aka ce an kama su da ita, ya ɗaga kai ya dubi wadda ke rataye a zaurenmu tun kafin a haife shi, ya ga ita ce dai.

Bari in gaya muku kamanninta, don wanda bai san ta ba zai ɗauka tsohon nan rigima kawai yake ji. Doguwa ce, in aka dasa gindinta a ƙasa bakinta yakan kai wa babban mutum kafaɗa. Icen na maɗaci ne, ya yi baƙi ya yi sheƙi saboda gumin hannu, har akwai ɗan lotso a wurin da babban yatsan Kaka ke zama. Ta taɓa tsagewa a wuya aka naɗe wurin da ɗanyar fata, fatar ta bushe ta kama kamar ƙarfe. Akwai layu uku da wuri guda biyu ɗinke a jikinta. A sanina an sake mata bututu sau biyu, na ƙarshen wani maƙeri ne ya yi shi da sandar sitiyarin tsohuwar mota, kuma an ce an taɓa sake icen ma kafin a haife ni. Duk da haka Kaka ya bar duniya yana rantsuwa cewa ita ce dai wadda ubansa ya damƙa masa. In na tsokane shi na ce, "Tsoho, to me ya rage na ubanka a jikinta?" sai ya ce, "Kai ma haƙoran da aka haife ka da su suna ina? Ba kai ne dai ba, ja'iri?"

Kakata kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiranta bindiga ba. Kishiyata take cewa. In ya zauna da hantsin Juma'a ya shimfiɗa buzu, ya ɗauko tsumma da ɗan kwalban man keken ɗinki yana bin ta gaɓa-gaɓa, sai ta leƙo ta ce, "Yau girkin amarya ne, mu sai mu nemi abin yi." Ni aikina riƙe ƙahon albarushi. Na kalli ɗurinta ba adadi: a auna albarushi a zuba, a cusa tsumma a danna da sanda, a zuba 'ya'yan dalma, in babu a sa ƙwallayen boris na keke, a sake cusa tsumma a sake dannawa, sannan a ɗora ɗan abin tayar da wuta da ake haɗawa da kan ashana. Duk wannan wahala don harbi ɗaya tak. Shi ya sa aka sa mata suna harba-ruga. In ka kuskure, ƙafarka ce sauran makaminka.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan kewa ba. Duk garin da ka shiga a ƙasar Hausa, in ka zauna da tsofaffin maharba, kafin shayi ya huce za a kawo zancen wata bindiga da ta shekara arba'in ko hamsin a hannun mutum ɗaya. Akwai masu adaka irin tamu, akwai 'yan gata masu baki biyu ta Ingila da wani tsohon ma'aikacin En'e ko tsohon soja ya bari, da guntuwar takardar lasisinta a ƙasan akwati ta yi ja kamar ganyen taba. Sukan kira su da suna, su yi musu kirari, su tuna ranar da ta ƙi tashi da ranar da ta fitar da su kunya. Na daɗe ina tambayar kaina, me ake kewa a nan? Ba ƙarfen ba ne, don ƙarfen bai taɓa zama abin kirki ba. Maƙwabcinmu yatsu uku gare shi a hannun hagu, adaka ce ta fashe ta tafi da biyu. Abin da ake kewa shi ne zamanin da kowace bindiga a gari take da suna da uba. In an ji ƙara daga fadama da asuba, mata na daka za su ce ta wane ce, don ko muryoyinsu an bambance.

Kuma bindigar ba ta zuwa ita kaɗai, da tarbiyyarta take zuwa. Baffa ya shekara bakwai yana bin Kaka daji da burgami da gorar ruwa kafin a yarda ya sa yatsa a kunama. Ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai shayarwa. Ba a saki harbi sai an yi bisimilla. Ba a shiga da ita kasuwa a ɗure, ba a kai ta wurin faɗan gona. In an yi babban kamu, akwai kason Sarkin Baka, akwai na mai gari, akwai na tsohuwar da ba ta da mai kawo mata. Sau ɗaya Kaka ya taɓa marina a rayuwa, ranar da na juya bakinta wajen ƙanena ina wasa alhali na san babu komai a ciki. Bai yi dogon bayani ba, cewa ya yi, "Shaiɗan ya iya ɗuri." Sai da na girma na ji hadisin da ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa.

Ku dubi ma abin da ya sami kalmar kanta. A da, in an ce 'yan bindiga a Kano, ana nufin mutanen fada da ke gaban sarki ranar hawan salla, suna sakin albarushi sama, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi ta zabura, yara mu toshe kunne muna dariya. Yau in mai karanta labarai ya ce 'yan bindiga, sai ka yi salati ka jira adadin gawa.

To amma ban yarda kewa ta rufe mana ido ba, don tarihin abar nan ba fari tas ba ne. Sunanta ma baƙo ne: bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su. Sunan da Turawa ke kiran irin tamu da shi kuwa, wato "Dane gun", daga mutanen Denmak ya samo asali, waɗanda suka riƙe sansanin ciniki a Osu, gaɓar Ankara ta ƙasar Gana, har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila. Me ake ba su a karɓi bindigogin? Har da 'yan Adam. Daga baya, a yarjejeniyar Burasel ta 1890, ƙasashen Turai suka haɗa baki a kan kada a sayar wa baƙar fata bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, sai dai irin ta ɗuri. Da suka zo Kano da Sakkwato a 1903 da bindiga mai ruwa, an ga amfanin wannan dabara tasu. Wato abin da muke riritawa, asalinsa ragowar da aka ga dama aka bar mana ne. Maƙeranmu ne suka karɓe ta suka mai da ita 'yar gida.

Haka nan batun namun daji. Kaka yana ba da labarin gwanki da ɓauna a dajin Falgore kamar yana maganar maƙwabta. Mahaifina barewa da gada ya tarar. Ni zomo da fakara na sani, sai gafiya. Ɗana kuwa a waya yake ganinsu. Tsofaffi sukan ɗora laifin a kan masu gawayi da masu faɗaɗa gona, kuma da gaskiyarsu, amma su ma da nasu hannun. Tun da fitilar goshi ta shigo aka koma farautar dare, dabba ta tsaya ƙyam cikin haske a harbe ta, ba a tantance mai ciki da marar ciki. Da ba a killace Yankari a 1956 ba, ban san inda ɗan Arewa zai je ya ga giwa a ƙasarsa ba. Kuma kowa ya san ba duk mai rataye da bindiga da layu ne maharbi ba. Akwai zugar matasa da ke cika mota da karnuka da gariyo da sunan farauta, su dawo da gawar junansu. Akwai 'yan sa-kai da suka yanke wa mutane hukunci a tsakiyar kasuwa a Zamfara don kawai kamanninsu, abin da ya ƙara wa wutar da ke cin yankin fetur. Wanda zai kare tsohuwar bindiga dole ya faɗi wannan da bakinsa kafin a faɗa masa.

Inda nake da ja shi ne fuska biyun da hukuma ke yi wa mutanen nan. A watan Mayun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwan maharba sun taru a Maiduguri suna roƙon a bar su su shiga Sambisa, dajin da asalinsa gandun namun daji ne. A ƙarshen wannan shekarar, da Boko Haram ta kama Mubi har ta sake mata suna, maharba da 'yan banga na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato garin. An yi ta ɗaukar hoton Aisha Bakari Gombi da bindigarta ana yaɗawa a duniya. Marigayi Ali Kwara na Azare, wanda ya rasu a 2020, ya shafe shekaru yana bin sawun 'yan fashi tare da jami'an tsaro. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa jama'a su nemi makami su kare kansu, a 2022 Bello Matawalle ya faɗi irin haka a Zamfara. Duk ranar da wuta ta kama gemun hukuma, maharbi gwarzo ne, ɗan kishin ƙasa. Ranar da ya ɗauko bindigar nan tasa zai kai ta gyara garin da ke gaba, a shingen farko zai zama mai laifi. Ya faru da Baffa shekarun baya: ya wuni a tsugune a gindin bishiya, sai da kuɗin buhun masara ya fita daga aljihunsa aka miƙo masa abarsa, ba rasit, ba ko rubutu a littafi.

Kuma ina roƙon masu yi wa maharba kirari a Facebook su sassauta. Mai harba-ruga harbi ɗaya gare shi, yaron da ke kan babur a dajin Rugu ko Kamuku yana da harsashi 30 a gidan harsashi guda, da wani a ɗaure a jikinsa. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 makamai suka ƙara malalowa ta Sahara, ba irin na maƙera ba. Duk wanda ya zuga dattijo ɗan shekara sittin ya tari wannan da adaka da guru, ba girmama shi ya yi ba, aikin soja ya ɗora masa kyauta. Na halarci jana'izar mutum biyu da suka fita da layunsu cif-cif. Ba zan yi gardamar asiri da kowa ba, abin da idona ya gani na faɗa.

Abin da nake nema ƙarami ne, kuma ba sai an je Abuja ba. Dokar makamai da muke aiki da ita ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, sai da izinin shugaban ƙasa. Irin su mai baki biyu, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na ɗuri irin ta Kaka kuwa, ta bar maganarsu a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha da yardar gwamna. Ke nan gwamnan da ya iya kafa rundunar tsaron al'umma, kamar yadda Katsina ta yi a 2023 da Zamfara a 2024, ya iya zama da kwamishinansa su buɗe rajista mai sauƙi. A yi ta a ƙofar hakimi, ba a hedikwata ba. Sarkin Baka ya ce na san shi, dagaci ya sa hannu, a buga lamba a jikin bututu, a ba mutum kati mai hotonsa, kuɗin kada ya wuce na kaza. In mai ita ya rasu, magaji ya zo a sauya suna, kamar yadda ake yi wa gona. In maharbi zai ƙetare jiha da ita, ya karɓi takardar tafiya, ya naɗe ta babu ɗuri, albarushi a wata jaka dabam. Wanda Sarkin Baka ya ƙi tsaya masa, ka san akwai magana.

Na san abin da za a ce. Za a ce kati ba ya tare taron da ya riga ya haukace, kuma haka ne. Waɗanda suka yi kisan Uromi ba takarda suka tsaya nema ba, kuma babu abin da zai wanke su, hukunci kawai ya dace da su. Sai dai mu ma mu yarda cewa mutanen can satar mutane ta addabe su, kuma baƙo da bindiga a bayan mota a wannan zamani abin tsoro ne ko a ƙauyenmu. Kati ba zai sauya zuciyar mugu ba, amma zai ba ɗan sanda mai niyyar kirki abin riƙewa, ya kuma ƙwace hujja daga bakin mai neman na goro.

Ƙorafin da ya fi damuna na Baffa ne da kansa. Da na kawo masa wannan shawara a waya, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, boko ya cuce ka. Ranar da ka rubuta sunanta a littafin hukuma, ranar ka sake ta saki uku. Yau su rubuta, gobe sabon kwamishina ya zo ya ce a kawo su duka." Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Mun sha jin sanarwar a miƙa makamai cikin kwana kaza, kuma kullum mai bin doka ne ke miƙawa, na daji ko a jikinsa. Akwai ma tsoron kada jerin sunayen ya faɗa hannun masu kai wa ɓarayi rahoto, su san gidan da za su fara shiga. Amsata ita ce, shi ya sa nake son littafin ya zauna a hannun masarauta da shugabannin maharba, kuma a rubuta a dokar jiha ƙarara cewa bindigar da ke da rajista ba a karɓe ta sai da umarnin kotu. In an ce wannan ma ba tabbas, na yarda. Amma halin da ake ciki yanzu fa? Yanzu kowa na iya karɓe ta, a kowane shinge, ba tare da umarnin kowa ba.

Akwai cibiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021 don hana yaɗuwar ƙananan makamai, kuma lokaci-lokaci akan nuna a talabijin an tara bindigogi tsibi ana lalatawa. Ina goyon bayan a narkar da duk abin da aka ƙwato daga hannun ɓarayi. Sai dai in kyamara ta matso, nakan hango irin tamu a cikin tsibin, da fatarta da layunta, sai in ce ko ta wane tsoho ce. Da za a ware ko goma daga ciki a kai Gidan Makama a Kano, a rubuta garin da aka ƙera su da irin icen, da an yi wa jikoki adalci. Masu kakkaɓe ɗakin gado suna sayar wa 'yan gwangwan irinsu a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba.

Baffa dai bai binne ta ba. Ba hujjojina ne suka hana shi ba, matarsa ce ta ce in ya haƙa rami a bayan rumbu da tsakar dare, maƙwabta za su ce kuɗin fansa yake ɓoyewa. Sai ya sauke ta daga zaure, inda ta fi shekara sittin tana kallon masu shigowa, ya kwance kunamar ya jefa a gwangwanin madara, ya tura sauran ƙarƙashin gado. Ƙusoshin da take rataye a kai suna nan, da inuwarta a bango inda hayaƙi bai taɓa ba.

Da na je babbar salla, bayan an watse daga cin nama, ya jawo ta ya kwance zanen da ya naɗe ta. Warin man keke da tsohon albarushi ya bugi hancina, sai na ji kamar Kakata za ta leƙo ta yi maganar girki. Ya ce 'ya'yansa babu mai so, babban babur yake nema, ƙaramin kuma waya. Ya ɗora mini ita a cinya ya ce, "Kai ka riƙe ƙaho. In na kwanta dama, kai za ka ɗauka?" Ni kuwa gidan haya nake a birni, ɗaki biyu da falo, mai gidan yana zaune a ƙasa, kuma tsakanina da ƙauyenmu shinge huɗu ne in ban manta ɗaya ba. Na ce masa, "Baffa, a ba ni lokaci in yi shawara." Ya ce to, ya mai da zanen ya naɗe. Ya sake tambayata sau biyu a waya tun daga nan, ina ce masa layin ba ya da kyau.